Ƙusa ta Uku

Asabar ta biyu a Oktoba, Duluth ta tashi da sanyi,
tafkin can ƙasa ya yi tsit kamar mai riƙon magana.
Bishiyoyin layinmu sun tuɓe rigunansu,
ja da ruwan ɗorawa,
sun jibge mini a ƙofa
kamar ni ce mai wankinsu.

A gareji yana nan inda Baba ya rataye shi,
a ƙusa ta uku, gefen sandunan kamun kifi:
injin hura ganye, mai dogon baki, mai ƙaramin ciki.
Na ja igiya. Ya yi tari ɗaya.
Na ja, na ja, har sau goma sha ɗaya,
kafaɗata ta yi ƙara,
shi ko uffan.

A bango, da fensir, ga hannun Torvald Ekdahl,
mutumin da bai taɓa rubuta mini wasiƙa ba:
"Fetur hamsin, man inji ɗaya. Ban da ƙiyasi."
Ƙasa kaɗan: "Kada mai ya kwana a tanki."

To, ya kwana.
Bara, makon da muka kai shi asibiti,
wa yake ta tanki?
Man ya sha watannin ƙanƙara a ciki,
ya yi tsami, yana warin tsohon fenti,
ya daskare a kabireta kamar ƙaro.

Na shimfiɗa jarida a tebur.
Na tsiyaye tsohon man a gwangwani.
Na kwance fulogi, kansa baƙi ƙirin,
na goge da buroshin waya har ƙarfe ya dawo,
na auna tazarar bakinsa da farcena
yadda na ga yana yi, yana kanne ido ɗaya.
Soson tace iska ya toshe da ƙurar shekara biyu,
na wanke da sabulu da ruwan ɗumi,
na matse shi a hankali, na shanya bisa hita.
Tiyon mai kuwa, ina taɓa shi ya karye
kamar busasshiyar taliya.

Ana haka wani ɗan noti ya suɓuce, ya gangara,
ina rarrafe ƙarƙashin tebur ina mita
sai ga takalman Helmi Rautio a bakin ƙofa,
shekararta tamanin da ɗaya, da tocila a hannu.
"Shekara talatin ubanki yana hana ni barcin Asabar," in ji ta.
"Bara kuma shirun ne ya hana ni.
Matsa, Marit, kin tare haske."

Ita ta gano notin, a cikin takalmin aikinsa.
Ba mu ce komai ba.

Sabon tiyo, sabon mai, na auna da ƙoƙon awonsa,
na girgiza jarka, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi.
Na danna ɗan balon roba sau shida
har na ga fetur yana hawa.
Na rufe cok. Na ja.
Tari. Na buɗe rabi. Na sake ja.

Ya ɗauka.

Hayaƙin ya cika gareji,
warin rigar sanyinsa ne sak,
wadda na bayar tun watan Maris don na gaji da shinshina.
Helmi ta toshe kunne ɗaya tana dariya,
ni na ce hayaƙi ne ya shiga idona.

Na kora ganyen har bakin titi.
Kafin la'asar iskar tafki ta maido da rabi.
Ba komai. Akwai wata Asabar.

Ranar da ƙanƙarar fari ta sauko
na juye tanki, na bar shi yana gurnani
har ya shanye ɗigon ƙarshe ya yi shiru da kansa.
Na mayar da shi ƙusarsa.
Fensirin yana nan a bakin taga, duk shatin haƙoransa.
Ƙarƙashin rubutunsa na sa kwanan wata,
na ƙara: "An canza tiyo."
Hannuna ya fi nasa karkata.